Sifilin da Mai Kwat Ya Ba Kansa

"Kawu, me ya sa aka rubuta maka suna a hannun riga? Kana yawan ɓacewa ne?"

Yarinyar shekararta biyar, muryarta kuwa ta kai har ƙarshen layi. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. 'Yar Yayarta ce, an bar mata ita saboda Yaya tana aikin safe a asibiti, ita kuma ba za ta iya fasa zuwa taron nan ba. Sau ɗaya a shekara manyan jami'o'i suke kafa tebura a zauren wani otal, su gana da masu neman digiri na biyu.

Saurayin da ke gabansu ya dubi hannunsa. Sabuwar kwat ce fil, ga ɗan ƙyallen kamfani ɗinke a bakin hannu, wanda ake cirewa kafin a sa. Ya ce shi fa ya ɗauka ado ne. Da gaskiyarsa ya faɗa, ko murmushi babu, shi ya sa dariyar Auta ta kuɓuce. Ta lalubo ɗan almakashin farce a jaka, ta ce ya miƙo hannu kafin ya isa gaban tebur. Zare huɗu ta yanke. Kafin ta gama, yarinyar ta raɗa masa suna Mai Kwat, sunan da ya bi shi har yau. Shi kuma ya rama, ya ce da Auta Mai Almakashi.

Ashe abu ɗaya ya kawo su. Dukansu sun karanta tattalin arziki, dukansu suna son zurfafawa a harkar kuɗi da zuba jari. Suka fara haɗuwa a laburare kowace Asabar suna shirin jarrabawar shiga. Shi ne mai kwance mata lissafin da ya cije, ita ce mai koya masa kallon idon mutum in yana magana. Wata shida suka yi a haka. Ba wanda ya furta maganar so, sai dai Auta ta lura kullum kujerar kusa da taga tana jiranta, da jakarsa a kai.

Ranar da sakamako ya fito, saƙonsa ya riga nata:

"Mai Almakashi, jami'o'in da muka nema duka biyun sun ɗauke ni, har da tallafin karatu. Ke fa? Ki amsa da sauri."

Ta rubuta: "Ni ma duka biyun. Ka zauna kada ka faɗi, Mai Kwat."

Murna ba ta yi kwana biyu ba ta koma tunani. Jami'o'in biyu ba a gari ɗaya suke ba, tsakaninsu tafiyar awa tara ce a jirgin ƙasa. Ɗaya ita ce kowa ke kira Tsohuwa. Ta haura shekara ɗari, manyan gidajen zuba jari har cikin harabarta suke zuwa ɗibar ma'aikata. A can da muhawara ake koyarwa: a ajiye matsalar kamfani a gaban aji, kowa ya tashi ya kare ra'ayinsa. Ɗayar, Sabuwa, ba ta cika shekara ashirin ba, amma in ana maganar lissafi da kwamfuta da auna haɗarin kasuwa, ba ta da na biyu.

Ko makaho ya san inda kowannensu ya dace. Mai Kwat in ka ba shi lambobi da ɗaki shiru, ka gama masa komai. Auta kuwa tun tana firamare ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, burinta ta zama mai zama tsakanin kamfanoni biyu in za su haɗe.

An ba su mako uku. Ranar Juma'ar ƙarshe da ƙarfe huɗu na yamma, duk wanda bai danna karɓa ba, gurbinsa ya tafi.

A gida Baba ya riga ya yanke. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan kantar banki. Da hannunsa ya koya wa yara masu takardar Tsohuwa aiki, bayan wata uku su haye bene, ya koma yana ce musu yallaɓai. Bai taɓa ƙorafi ba, amma ranar da takardar Auta ta zo sai da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya fito idonsa ja.

Da Mama ta ɗan taɓo masa maganar wani yaro da ake karatu tare da shi, wanda Sabuwa zai tafi, sai fuskarsa ta canza. Ya ce duk wanda ya ɓullo a wannan lokaci ya zo sauke masa yarinya daga hanya ne, kada ya ga ƙafarsa a gidan. Sai ga ɗan tsohon manajansa ya fara zuwa gaisuwa, wai don ya ba Auta shawara, tunda shi a Tsohuwa ya gama. Ɗan Manaja ba mugu ba ne. Illarsa ɗaya, ba ya iya jimla uku bai ambaci makarantarsu ba, kuma ya taɓa ce wa Auta in ta samu takardar ba sai ta wahalar da kanta da aiki ba, sunan kaɗai ya isa.

Abin da Baba ke tsoro kuwa gaskiya ne. Auta ta riga ta karkata. A ranta ta ce ai Sabuwa ma makaranta ce, lissafin za ta daure. Abin da ya rage mata shi ne hujjar da za ta kai gaban Baba. Don haka ta roƙi Mai Kwat ya yi mata jadawalin kwatance, irin wanda aka koya musu: a jera abubuwan da ake dubawa, a ba kowanne nauyinsa cikin ɗari, a ga wanda ya rinjaya. Ta tabbata zai ɗan danna mata ma'auni ya karkata wajensa. Wane masoyi ne ba zai yi ba?

Ranar Litinin ta makon ƙarshe ya turo. Tsaf da shi. Irin koyarwa, talatin. Gidajen da ke ɗaukar ɗalibai a aikin da take so, talatin. Aikin gwaji, ashirin. Malamai, sha biyar. Nisa da gida, biyar. A layin ƙarshe ya rubuta: "Kusa da ni," a gabansa ya sa sifili. Tsohuwa ta tashi da tamanin da huɗu, Sabuwa sittin da ɗaya.

"Ga shi, Mai Almakashi. Na duba sau uku. Tsohuwa ce taki, ki karɓa."

Auta ta daɗe tana kallon sifilin nan. Wata shida na kujerar taga, ashe nauyinsu ke nan a wurinsa. Ta rubuta masa, "Na gode da aiki," ta kife wayar.

Ya kira ta ranar Talata, ba ta ɗauka ba. Ranar Laraba ya turo: "Na yi kuskure a lissafin ne? Nuna min layin in gyara." Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Da yamma Ɗan Manaja ya zo, ta zauna ta saurare shi awa guda cur, har Baba yana ta fara'a.

Mama ce ta tsinci takardar jadawalin da Auta ta buga a kwandon shara, a duƙunƙune. Ta warware ta da tafin hannu, ta ajiye kusa da tabaran Baba.

Baba mutum ne da ba ya iya ganin jerin lambobi bai bi su ba. Ya bi da fensir, layi layi, komai ya zauna daidai. Da ya kai layin ƙarshe ya tsaya. Ya tambayi wa ya yi wannan. Mama ta ce yaron nan ne da ya hana shiga gida. Sai ya ce a nemo masa lambarsa.

Ranar Alhamis da la'asar Mai Kwat ya zauna a bakin kujerar falo, gwiwoyinsa a haɗe. Baba ya miƙa masa takardar, ya ɗora yatsa a kan sifilin, ya ce ya yi masa bayani.

"Baba, an koya mana cewa wanda yake da riba a cikin magana ba ya jefa ƙuri'a. Shawara ta nema a wurina. In na sa kaina a ma'auni, ba shawara na ba ta ba, na sayar mata da abin da nake so ne."

Auta tana tsaye a bakin labule, ta ji komai. Ta shigo, idonta taf da hawaye amma muryarta ba ta rawa.

"Rabin ƙa'idar ka karanta, Mai Kwat. Kafin mutum ya janye, sai ya faɗa a fili mece ce ribarsa. Kai janyewa kawai ka yi. Ni ina zan sani ko kana da ita?"

Sai a lokacin Mai Kwat ya gane layin da ya ɓata.

Baba ya gyara zama, ya ce yarinyar ta fi shi gaskiya. A bankinsu har fam ake cikawa, kuma ba a karɓar na baki. Ya yago takarda daga littafinsa, ya ba shi biro, ya ce ya rubuta yanzu. Mai Kwat ya rubuta yana gumi, Baba ya ce ya karanta kowa ya ji.

"Ina sanar da cewa ina da riba a wannan magana. Ina son Auta tun ranar da ta yanke min zare huɗu. In ta zo Sabuwa, zan fi kowa murna, kuma zan cuce ta. In ta tafi Tsohuwa, zan jira shekara biyu, sannan in turo magabatana, in Baba ya yarda."

Sai Mama ta sa baki. Ta ce tunda yau ranar cika fam ce, akwai wani a ɗakin nan da shi ma yake da riba a Tsohuwa tun shekara talatin da ɗaya, ba ta ga ya rubuta komai ba. Baba ya cire tabarau yana gogewa, ya ce a bar tone-tone. Can ya dubi 'yarsa ya ce gaskiya ne, benen da bai hau ba yake so ta hau masa. Ya janye shi ma. Ta zaɓa da kanta.

Washegari da hantsi Auta ta buɗe jadawalin ita kaɗai a ɗakinta. Ta goge sifilin ta sa ashirin, ta rage wa sauran. Sabuwa ta haye da maki ɗaya da ɗoriya. Ta zuba wa allon ido. Ta tuna kanta a ajin lissafi, tana kwafar abin da ba ta so, ta hango ranar da za ta fara ganin laifin Mai Kwat a kan abin da bai roƙe ta ba. Ta mayar da shi sha biyar. Tsohuwa ta koma gaba da maki huɗu. Ta san sarai abin da take yi. Ƙarfe sha ɗaya ta danna karɓa.

"Na ba ka sha biyar, zuciyata. Tsohuwa na ɗauka."

"Sha biyar kacal? Daga sifili, wannan ai riba ce babba. Sauran fa?"

"Sauran sai bayan ɗaurin aure."

Shekara biyun ba su zo da sauƙi ba. Akwai watan da jarrabawa ta hana su ko gaisuwa mai tsawo, akwai faɗan da suka yi kan wa ya kamata ya hau jirgi wannan karon. Ya haddace tashoshin hanyar guda goma sha ɗaya. Ita kuma ta koyi faɗin abin da ke ranta maimakon kife waya. Ta gama cikin na gaba-gaba a ajinsu, wani gidan zuba jari ya ɗauke ta tun kafin sakamako. Shi ma ya nemi aikin auna haɗari a birnin da take, ya samu.

Mako uku bayan bikin kammala karatu aka ɗaura musu aure. Ango ya ƙi sabuwar kwat, ya ce tsohuwar ce mai tarihi. 'Yar Yaya, yanzu shekararta bakwai da ɗoriya, ta je ta ɗaga hannun rigarsa ta duba, ta sanar da jama'a cewa Kawu ya daina ɓacewa. Baba ya haɗa hannuwansu, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a masu faɗin gaskiya ko da a kansu ne. Takardar nan da aka yago daga littafinsa tana rataye a falonsu, a tsakiyar takardun shaidarsu biyu.

Ke da ke karanta wannan, ko ke ce mai zaɓen ko 'yarki ce, ki ji ni da kyau. Kada ki saki gurbin da kika sha wahala kika samu don ki zauna kusa da wani. Mai sonki na gaskiya zai hau jirgi. Kai kuma saurayi, in ka janye kanka don alherinta, buɗe baki ka faɗa mata dalili. Ba kowane gida ne ke da uwar da za ta duba kwandon shara ba, kuma ƙarfe huɗu na Juma'a ba ya jiran kowa ya huce.