Sunan da Isah Ya Rubuta a Laburare

"Kowa ya kwanta! Wayoyi a ƙasa!"

Juma'a ce, biyu saura kwata, maza duk muna masallaci. Lokacin mata ne a laburaren garinmu. 'Yan mata tara na gwajin JAMB a kwamfuta, har da 'yata Bushra. Hajiya Rabi, mai kula da ɗakin, tana tsaye a kansu.

Su uku ne, fuska naɗe da rawani. Maiwada, ogansu, ya saita bindiga.

"Hajiya, makulli!"

"Yana aljihun Malam Aƙilu. Shi kuma yana sahu."

Malam Aƙilu, shugaban laburaren, ya sa an yi wa akwatin kowace kwamfuta keji na ƙarfe a ƙarƙashin tebur. Kabiru, na biyunsu, ya doki ɗaya, ko gezau!

"Oga, share! Wannan batir ne kawai. Talabijin ɗin ce harka!"

Suka hau fizge allunan kwamfutocin suna cusawa a buhu. Na ukun ya zo kan Bushra, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, ƙanwata." Hajiya ta gane muryar. Ta haɗiye sunan.

Babura biyu suka yi hanyar Dayi. A cikin wata gonar masara suka tsaya.

"Isah," in ji Maiwada, "ranar Laraba da ka je leƙe, ba wanda ya ɗago ka?"

"Ai ba a zama sai an yi rajista. Har hoto suka ɗauka."

"Da wane suna?"

"Nawa mana. Hajiyar ta san babata, Oga. Ya zan kalle ta in yi ƙarya?"

Maiwada ya ɗaga bindiga.

Tau!

Suka bar shi nan, harsashi a cinya.

A laburare Malam Aƙilu ya buɗe keji, ya jona wani tsohon allo. Hajiya ta faɗi sunan, aka duba rajista: ga Isah, ga hoto, ga unguwa. Kafin la'asar 'yan sanda sun bi sawun baburan, sun tsince shi a gonar da sauran numfashi, ya faɗi maɓoyar abokansa. A hanyar Kafur aka tare su. Allo shida sun fashe a buhu, uku suka dawo.

Saura kwana takwas jarrabawa, Bushra ta ce ba za ta koma ba.

"Baba, bayana ne a ƙofa. Ba na ganin mai shigowa."

Ranar Asabar na raka ta da kaina. Ni da Malam Aƙilu muka kwance teburin, da kejinsa da komai, muka juya shi ya fuskanci ƙofa.

Ta zauna. Ta kalli ƙofa, sannan ta danna.