Ƙusar da Laminu Ya Buga

Rana ta yi ja a bayan rufin kwanon gidajen Gashuwa, awaki sun shige turke, Mardiyya kuwa tana tsakar gida da kwamfutarta a cinya, ta rasa abin da ke mata daɗi. Kwana uku ya rage a rufe shafin da za ta tura kundin bincikenta na kammala karatun jinya. Wanda bai tura ba sai baɗi. Kwamfutar kuma ta ƙi kama wayfay.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta kashe ta kunna, ta goge sunan layin ta sake zuba kalmar sirri, ta cire batirin 'yar na'urar wayfay ɗin, ta hure layin ta mayar. Mahaifinta Laminu, mutum ne da ba a faɗa masa abu ya gagara, ya karɓi na'urar yana zagaya gida da ita a sama. A ƙuryar bayan gida, gindin tsohuwar tsamiya, fitilar na'urar ta koma kore.

"Baban Mardiyya, magariba ce fa," in ji matarsa Haula. "Ka bari sai da safe."

Bai ko waiwayo ba. Ya ɗauko ƙusa da guduma, ba bisimilla ba sallama, ya buga a jikin itacen ya rataye na'urar. Duk unguwar an san ba a taɓa tsamiyar nan da almuru, shi ma ya sani, taurin kai ne kawai.

Kafin a idar da salla dutse na farko ya faɗo kan kwano. Sai na biyu. Laminu ya leƙa lungu, babu kowa. Haula ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ta yar da sauri, don da zafinsa.

Washegari kwamfutar ta kama, amma da an fara turawa sai ta yanke. Da yamma ta yi, Mardiyya ta ce tana jin kukan jariri daga wajen tsamiyar. Tsoro ya riga ya shiga gidan, kowa yana ɓoye nasa.

Ranar ƙarshe, ƙarfe takwas na dare za a rufe. Bayan magariba ta zauna a tabarma ta danna turawa, layin da ke nuna ci gaban turawar ya fara tafiya a hankali, bai yanke ba. Tana cikin murmushi sai wuyanta ya sandare. Ta faɗi, idanunta suka juye, ta fara wani gurnani da ba na mace ba.

Laminu ya fita ba takalmi, ya dawo da Goni Mudi, tsohon malamin da ke ruƙiyya a bayan masallacinsu. Goni ya sa aka lulluɓe ta, ya zauna daga gefen kanta ya fara karatu. Hasken kwamfutar kaɗai ke kan tabarmar.

"Waye kai?" Goni ya tambaya.

Murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar. "Maƙwabci ne. Na riga kakan ubanta zama a nan."

"Me ta yi maka?"

"Ba ita ba ce. Ubanta ya buga ƙarfe a ƙofata, ya rataya abin da ke tsuwa dare da rana. Ku ba kwa ji. Jaririna kwana uku bai runtsa ba."

"Ka ji tsoron Allah ka fita. Ba ta da laifi."

"A cire yanzu, in fita, ba kuma zan dawo ba. In aka gama kiran isha yana nan, ita ma ta gama barci a duniya."

Laminu ya dubi kwamfutar. Casa'in da ɗaya cikin ɗari. Shekara uku yarinyar nan tana karatu, ya san daren da ta yi ba barci a kan kundin nan.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "a roƙe shi minti biyar."

Abin da ke jikinta ya yi dariya. A daidai nan ladan ya ɗaga murya.

"Laminu," in ji Goni, "tashi."

Ya tashi. Ya isa gindin tsamiyar, ya yi bisimilla, ya yi sallama, ya sauke na'urar ya kashe. Ƙusar ta ƙi fita, ya kama ta da hannu yana murɗawa har tafinsa ya tsage. Ta fito ladan yana kalmar ƙarshe.

Mardiyya ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Wata iska ta kaɗa ganyen tsamiyar ta wuce. Haula ta rungume ta tana kuka ba sauti.

Da ta buɗe ido, ba uwar ta fara nema ba. Ta jawo kwamfutar. Layin ya tsaya a casa'in da bakwai, an rubuta babu haɗi.

"Baba," ta ce da muryarta ta kullum, "wa ya kashe?"

Laminu ya durƙusa a gabanta, jini na ɗiga daga hannunsa. Muryar kawai yake saurare.

"Ni ne," ya ce. "Sake kirana in ji."