Ƙullutun Bayan Kunne

Auta na zaune a tabarma, surukarta Inna na murza mata bayan kunne da man zafi, kamar yadda ta saba tun watan jiya.

"Wannan ƙullutun sai na ga bayansa," in ji Inna.

Auta ta san ba ƙullutu ba ne. Famfon siririn bututun da likitoci suka sa mata ne tun tana yarinya, mai janye ruwa daga ƙwaƙwalwarta zuwa ciki. Sau ɗaya ta faɗa, Inna ta ce yaran zamani sun fiye iyayi. Daga nan kunya ta ɗaure mata baki.

Ranar da zazzaɓi da amai suka kwantar da ita, mijinta Tela ya bar keken ɗinki ya kai ta asibiti. Likita ta ce fatar wurin ta tsage, cuta ta shiga har ƙashi. Za a canza bututun, a yanke ƙashin da ya ruɓe, in ya warke a rufe gurbin da farantin ƙarfe.

A bakin gado Inna ta ja ɗanta gefe, amma muryarta ba ta san raɗa ba.

"Mace da faranti a ka? An ɓoye mana ciwo, an ba ka jinya. Ka sallame ta."

"Inna, ba a ɓoye min ba. Da sanina na aura."

"To zaɓi, ni ko ita."

Auta ta juya fuska bango. Tsoron saki ya fi mata tsoron wuƙa.

Sai ga Likita da takardar amincewa da yin aikin. "Wa ke murza wurin nan? Shi ya jawo duk wannan."

"Ni ce, Likita," in ji Auta. "Ƙaiƙayi yake min."

Inna ta dubi yatsunta. Hawaye suka zubo mata.

"Ƙarya 'yar nan take, Likita. Rufa min asiri take yi." Ta miƙa wa Tela biro. "Sa hannu, kai kuma, ka tsaya kana kallona."

Aiki biyu aka yi, wata huɗu tsakani, kuma Inna ce ta yi jinyar duka, ba ta bar wa kowa ba. Haƙuri ya riƙe wa Auta aurenta, gaskiya ne. Amma kunyar da ke hana faɗin ciwo ba tarbiyya ba ce, don saura ƙiris ta kai ta kabari.