Fararen Duwatsu a Tankin Ƙasa

Da Sufeto ya san abin da ke jiran su a hawa na biyu, da bai bar Saje ya shiga gidan nan babu takunkumi ba. To amma a lokacin babu wanda ya sani, har likitan da ya bugo waya.

Ƙarfe uku na rana rahoton ya iso caji ofis. Maƙwabta sun tsinci wata mata da 'yarta mai shekara shida kwance a ƙofar kicin, numfashi na sarƙewa, jiki ya ɗau zafi, suka kai su asibiti. Likitan bai yi kwana-kwana ba.

"Guba ce, Sufeto, amma ban san wace iri ba. Uwar za ta jure. Yarinyar ce ke ba ni tsoro. Ka nemo mini abin da suka ci ko suka shaƙa, kuma kada ka ɓata lokaci."

Sufeto ma yana da 'ya sa'arta a gida. Ya ɗauki hularsa, ya kira Saje da Kofur.

Maigidan ne ya buɗe musu ƙofa. Mai gyaran firiji ne, siriri, idanunsa jajir, hannayensa duka biyu a aljihu.

"Na zaci kana asibiti, Malam."

"Kaya na zo ɗaukar musu, Yallabai."

Sufeto bai ga jaka ko ɗaya ba. Ya dai ga an wangale tagogi duka, fanka na gudu.

A falo akwai wani katafaren tankin gilashi na kifin teku. Kifaye masu launi suna zagaya duwatsu masu ruwan hoda, an lulluɓe su da wasu abubuwa kamar furanni suna buɗewa suna rufewa. Ƙarƙashinsa, cikin kabad, ga wani ƙaramin tanki da ba a gama haɗawa ba. Guntayen bututu da zarto na zube a ƙasa, ɗakin sai warin gam.

"Wannan na ƙasan fa?"

Duk da halin da yake ciki, muryar mutumin ta ɗan saki. "Na tace ruwa ne, ni nake haɗa shi da kaina. Na raba shi gida uku da gilashi. Ruwa zai sauko daga sama ya bi ta soso, ya ratsa duwatsu a gidan tsakiya, famfo ya mayar da shi sama. Ko ruwa ban zuba masa ba tukuna."

Duwatsun gidan tsakiya farare ne kamar ƙashi.

"Su waɗannan me ya sa ba su da launi?"

"A haka na saye su, busassu."

Sufeto ya tsuguna. Ruwa ne kwance a ƙarƙashinsu, a tankin da aka ce ba a taɓa zuba wa ruwa ba. Ya miƙa hannu.

"Kada ka taɓa, Yallabai!"

"Saboda me?"

"Gam ɗin... gam ɗin bai bushe ba."

Saje ya kira shi daga kicin. Kanari ne a keji, ya mutu ƙafafu a sama. Kwanukan abincin rana na jibge ba a wanke ba, amma wata babbar tukunya ita kaɗai an wanke ta fes an kife. A bakin magudanar wurin wanke-wanke akwai farin yashi.

"Oga, maigidan da ke wanke tukunya matarsa na asibiti, ai sai a ba shi lambar yabo," in ji Saje.

Bai gama dariyar ba tari ya sarƙe shi. Ya dafa bango.

"Bakina ɗaci, Oga. Kamar na tsotsi ƙarfe."

Sufeto ya ja da baya. Ya toshe hancinsa da hankici, ya tura Saje waje, ya ce maƙwabta su kai shi asibiti yanzu yanzu. Kafin ya fita ya sa biro ya ɗago wata jiƙaƙƙiyar leda daga kwandon shara. Tana ƙarnin teku, da sunan wani shagon kifin ado a jikinta.

Ya kulle gidan, ya sa maigidan a bayan mota kusa da Kofur, suka nufi shagon.

Mai shagon, wanda 'yan layin ke kira Sarkin Ruwa, ya tarbe shi da fara'a har ya ga ledar, ya kuma hango maigidan a mota.

"Ni abincin kifi kawai nake sayar masa, Yallabai. Dutse kuwa, rabona da shi an yi shekara."

"To, na ji. 'Yarsa tana asibiti ba ta iya numfashi. Tsuntsunsu ya mutu a kicin. Sajena ya yi minti biyar a wurin, ya fito yana tari."

Ragowar fara'ar ta gushe. Mutumin ya laluba kujera ya zauna.

"A kicin? Innalillahi. Tafasa su ya yi?"

"Tafasa me? Ba ka ce ba ka sayar masa da dutse ba?"

"Na sayar, jiya. Ba su da takardar shigowa, shi ya sa na musa. Yallabai, duwatsun nan masu rai ne. Akwai wasu ƙananan halittu a jikinsu kamar fure, yauƙinsu dafi ne. A cikin ruwa ba su da matsala. Amma in aka kankare su ko aka sa musu ruwan zafi, dafin sai ya bi tururi. Sau uku na faɗa masa: in zai tsabtace su, a waje, da safar hannu, ya jiƙa su a ruwan gishiri mai sanyi, wata guda."

Sufeto ya buga wa likita nan take, ya miƙa wa mai shagon wayar ya maimaita komai. Sannan ya fita ya buɗe ƙofar mota.

"Malam, fito da hannayenka."

Maigidan ya zaro su daga aljihu a hankali. Da ya fito da su, sun kumbura sun yi ja har wuyan hannu.

"Wata guda ya yi mini nisa," ya ce. "Mamana kullum sai ta tambaye ni, Baba yaushe za mu kunna famfo? Na ce ai ruwan zafi yana kashe komai, na ɗauka tsoratarwa ce irin ta masu shago. Na ɗora tukunya, na ce wa uwarta ta riƙa dubawa, na tafi sayo bututu. Ina fita na ga yarinyar ta jawo kujera ta hau tana leƙa tukunyar."

"Likita ya tambaye ka abin da ya faru?"

"Sau biyu."

"Ka ce masa me?"

"Na ce ban sani ba."

"Sai ka baro su a can, ka dawo ka juye duwatsu a tanki, ka wanke tukunya."

"Tsoro na ji, Yallabai. Uwarta ta sha ce mini in fitar da tankin nan daga gida. In ta farka ta ji ni ne..."

"Awa uku likita yana lalube a kan 'yarka, kai kuma amsar tana bakinka."

Mutumin ya kifa kansa a gwiwa ya fashe da kuka. Kofur ya ciro ankwa, ya dubi kumburin, ya mayar da ita ƙugu. Aka fito da Sarkin Ruwa aka zaunar da shi a gefensa.

"Asibiti tukuna, a duba hannun nan," in ji Sufeto. "Daga nan caji ofis."

Suna hanya likita ya sake bugowa. Uwar ta buɗe ido, an ba Saje gado. Dafin ba shi da makari, amma yanzu ya san abin da yake yaƙa, ya sauya magani, an sa wa yarinyar injin numfashi.

"Za ta tashi, Likita?"

"Ban sani ba, Sufeto."

Har motar ta shiga ƙofar asibitin, babu wanda ya san ko yarinyar za ta rayu.