Ɗan Bayan da Ya Karya Rémi

Ranar da Noelle Gauthier ta fara ganin Corbin Yaremko, haƙoransa uku ne a cikin kofin takarda. Ɗan baya ne a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Winnipeg, aikinsa ya tare baƙin faifan roba da jikinsa kafin ya isa raga. Wannan karon da baki ya tare. Ita kuwa mataimakiyar likitan haƙori ce.

"Buɗe bakin," ta ce.

"In na buɗe ba za ki ƙara kallona ba."

"Yo yanzu ma ai ba don kyau nake kallonka ba."

Daga ranar ta sa masa suna Wawulo, shi kuma yana ce mata Likitata. Kullum kafin ya hau ƙanƙara sai ya tura mata saƙo: "Likitata, ki yi min addu'a, saura ashirin da tara a bakin." Ta mayar masa: "Ka dawo min da su cif, Wawulona."

Wata bakwai suna haka. A watan Fabrairu ƙungiyarsu ta karɓi baƙuncin ƙungiyar da Rémi, ƙanen Noelle, yake bugawa. Shekararsa ashirin da ɗaya, ana ta maganar babbar gasa za ta ɗauke shi. Ya taho a guje kansa a sunkuye, Corbin ya tare shi da kafaɗa kamar yadda aka koya masa tun yana ɗan shekara tara. Rémi ya bugu da katangar filin. Alƙalin wasa bai busa ba, don babu laifi. Rémi bai tashi ba, kuma bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba.

A asibiti Armand, mahaifin su Noelle, ya tare wa Corbin ƙofa.

"Papa, bar shi ya shiga," in ji Noelle tana kuka.

"Ya shiga ya ƙarasa shi?" Ya juya ga Corbin. "Ka cinye min ɗa, yanzu 'yar kake so ka haɗa? Fita."

Washegari saƙo ya shigo daga wayarta: "Kada ka ƙara nemana. Duk sanda na tuna hannunka ya taɓa ni sai in ji ƙyama." Corbin ya karanta sau ɗaya, ya goge lambarta. Ita kuwa ta yi ta jiran kiransa, har ta yanke cewa gudu ya yi.

Kocinsa murna ma ya yi. "Yanzu kowa tsoronka yake ji. Ka ci gaba da haka." Amma Corbin ya kasa. Duk wanda ya taho masa, Rémi yake gani, sai kafaɗarsa ta yi sanyi. 'Yan kallon da suka yi masa ihun "Mahauci!" suka koma "Matsoraci!" Cikin shekara uku ƙungiyoyi huɗu suka sayar da shi, ta waya ake gaya masa, ya ɗaure jakarsa ya bi bas. A ta ƙarshe ya faɗi gaban faifai don ya tare, ya same shi a idon hagu. Idon ya tafi, wasan ma ya tafi.

Kati ɗaya ya samu a asibiti, da rubutun Armand: "Saura ɗaya."

Armand da bakinsa ya ba da labarin katin a teburin cin abinci, yana dariya. A lokacin yana ta matsa wa Noelle ta auri wani dillalin motoci mai suna Denis, wanda shi ma ya taya shi dariyar. Rémi ya ajiye cokali.

"Noelle, ni na tura wa Corbin saƙo da wayarki, cewa kada ya ƙara nemanki. A lokacin hannuna bai iya riƙe ta ba, Papa na sa ya rubuta."

Ta kafe shi da ido.

"So nake ya rasa wani abu. Amma kuskuren nawa ne, kaina na sunkuyar ranar wasan, kowa ya gani, Papa ma ya gani."

Awa shida ta yi tana tuƙi. Ta sami Corbin a gidan mahaifiyarsa yana kwashe ƙanƙara a ƙofa, ido ɗaya a rufe da auduga.

"Ba ni na rubuta ba, Wawulo."

Ya jingine shebur. "Shekara uku, Likitata. Kullum sai na maimaita shi a kaina."

"Kai ma ai ba ka tambaye ni ba."

A watan Yuni aka ɗaura auren a wani ƙaramin coci. Armand bai zo ba, ya ce ba shi da 'ya. Rémi ne ya rako ta a kekensa na guragu, tana dafe da kafaɗarsa. Da suka iso gaban Corbin ya jawo shi ƙasa ta kwalar riga.

"Ban yafe maka ba tukuna," ya ce a hankali. "Ina ƙoƙari. Ka riƙe ta da kyau."

Mahaifiyar Corbin ta ɗora hannu a kawunansu su ukun. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu lafiya. Abin da ya karye a gidajen nan biyu ya isa haka."

Rémi ne ya fara cewa amin.