Fuskar da Ya Kai wa Ummansa

"Ina wannan yarinyar? Ita na zo gani."

Dattijuwar ta miƙo min wayarta ta saman teburina. Tun daga ƙofa na gane ta, don na sha ganin hotonta. Umman mai ɗaukar hoton kamfaninmu ce, wanda muka shekara biyu muna soyayya, har maganar aure ta taso.

Na kalli hoton da ke wayar.

Mayafina ne. Ɗankunnena ne. Amma fuskar fara tas, an ja hancin ya miƙe, tabon ƙunar da ke kumatuna tun ina rarrafe babu shi babu alamarsa.

"Umma, ni ce..."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta taɓe baki. "Ke? Haba yarinya, da idona fa."

Aikinmu ke nan a nan. Mu huɗu ne a ɗakin gyara, daga safe har yamma muna wanke fuskokin mutane a kwamfuta, Manaja na tsaye a kanmu da ƙaton tumbinsa: "Ƙara haske! Rage wuyan nan!" Ko jaririn wata uku bai tsira ba. Kullum na tashi aiki sai in ji ƙyamar aikin nan, wallahi. Kuma saurayin nawa nake kai wa kukana, yana cewa, "Rabu da su, rabin raina, ke dai ba ki da abin gyara."

Ashe!

Hannun da ya yi aikin kuwa na san shi. 'Yar Lelen Manaja ce, mai teburin kusa da nawa, ita ke goge fata har ta koma kamar roba.

"Munafuka! Ke kika yi min wannan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, sai ƙas-ƙas take da cingam. "Kar ki ɗora min. Awa biyu saurayin naki yana zaune a gefena, 'ƙara kaɗan, ƙara kaɗan.' Ni dai na gaya wa Umma inda za ta same ki."

Sai ga shi ya fito daga ɗakin ɗauka, kyamara a wuya. Yana ganin mu ya yi turus.

"Umma... ai na ce ki bari sai na..."

"Wannan na amince da ita," ta ɗaga wayar, "ba waccan ba." Ta saɓi jakarta ta fice.

Ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Hasken idona, ki fahimce ni. Na san halin Umma, so nake ta fara amincewa tukuna..."

"Sannan?"

"Sannan... ai akwai mayuka masu kyau yanzu. Wata uku kacal. Tabon kuma likita zai..."

Ba fushi na ji ba ma, ƙyama na ji, irin wadda mutum ke ji in ya tsinci ƙuda a ƙasan kwanon da ya kusa cinyewa. Shekara biyu ina tsayawa gaban kyamararsa ina washe baki, ashe abin da za a goge yake dubawa.

"Ka so ni kuwa?"

"Wallahi ina son ki!"

"Wace daga ciki?"



Na koma tebur. "Turo min hoton," na ce wa 'Yar Lele. Har rawar jiki take wajen turowa. Na zaɓi takarda mafi girma, na tura wa injin bugawa. Da ɗuminsa na zaro shi, na dangwara masa a ƙirji a gaban kowa.

"Ga ta nan. Umma ta amince, kai ma ka amince. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Don Allah ki tsaya, rabin raina..."

Manaja ya leƙo ta kafaɗarsa, ya gyara tabarau.

"Kai, aiki ya yi kyau! Wannan a bakin ƙofa za a rataye ta. Wace ce haka?"

"Matarsa ce," na ce, na ɗauki jakata.