Gonar Bayan Kamfanin Fata

Ranar da Mansura ta fara ganin Lukmanu, faɗa ta yi masa. Ta kai wa mahaifinta abinci gona, sai ta tarar da wani dogon saurayi tsugune a tsakiyar latas ɗinsu, yana tonon ƙasa yana zubawa a 'yan ledoji.

"Malam, wa ya ba ka izinin tona mana shuka?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Ki yi haƙuri. Sunana Lukmanu. Aikin gwamnati ne, gwajin ƙasa muke yi."

Gonar mahaifinta, Malam Dattijo, tana jikin katangar wani tsohon kamfanin fata a gefen Kura, wanda ya daina aiki tun Mansura tana goye. Gwamnati ta ware kuɗi a gwada ƙasar wurin, a kwashe gubar da kamfanin ya bari, a mai da filin kasuwar kayan gwari.

Lukmanu ya riƙa zuwa gonar fiye da yadda aikin ke bukata. Kafin wata ya ƙare, saƙonninsa sun cika wayarta.

"Mansurata, tun safe nake gaban na'ura, amma hankalina yana wajen wadda ta kore ni daga cikin latas."

"Injiniya, rage daɗin baki. In da gaske kake, ka zo ka gaida Baba."

Bai kai ga zuwa ba sai sakamakon gwajin ya fito. Ƙasar gonar da rijiyarta duk sun sha guba. Aka zagaye wurin da waya, aka ce kada a sake shuka komai sai an gyara. Kuɗin gyaran kuwa suka maƙale. Rani ya shigo, aka saki ruwa a kanal, maƙwabta suna ta dashen tumatir, Malam Dattijo yana zaune a zaure yana kallonsu suna wucewa.

Da aka kawo masa maganar Lukmanu yana neman auren Mansura, ko gama ji bai yi ba.

"Yaron da ya raba ni da gonata? Kada ya tako min ƙofar gida."

Sagiru dillalin tumatir, wanda ya daɗe yana son Mansura tana ƙinsa, ya sami abin yi. Ya bi majalisa-majalisa yana cewa babu wata guba, baki aka haɗa da Lukmanu don a sayar wa masu kuɗi filin.

Mansura ta rubuta wa Lukmanu tana hawaye: "Gaskiya ne abin da ake faɗa? In ƙarya ne, ina gyaran?"

"Wallahi ƙarya ne, Sahibata. Kullum ina ofishin masu sakin kuɗin gyaran. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce ana jiran sa hannu. Ni ma na gaji. Amma ko za a hana ni ke, ba zan ce ƙasar nan lafiyarta ƙalau ba."

Ƙarshen saƙon ya ƙona mata rai. Wato ko saboda ita ba zai sassauta ba? Ta daina amsa kiransa. Duk sanda wayar ta yi ƙara sai ta kife ta, can kuma ta ɗauka ta sake karanta saƙon.

Shi bai daina ba. Ya roƙi kawunsa na Bunkure ya ara wa Malam Dattijo wani fegi kusa da kanal. Tsohon ya ce ba ya so.

Mahaifiyar Mansura, Mairama, ita ta gaji da zaman. Wata safiya ta ajiye wa mijinta koko, ta miƙa masa hannayenta.

"Malam, dubi nan. Shekara nawa ina fama da ƙuraje in na wanke ganyen gonar nan? Tun da aka rufe ta, ka ga ko ɗaya? Yaron nan bai yi ƙarya ba. Ka hana shi, ka hana kanka noma, ga 'yarka ta rame."

Malam Dattijo ya daɗe yana kallon hannun. Washegari ya ɗauki fartanyarsa ya nufi Bunkure. A can ya tarar da Lukmanu ya naɗe wando, yana cikin laka yana gyara kunya. Suka yi aiki tare har azahar. Da za su rabu, tsohon ya ce, "Ka turo manyanka."

Mansura ce ta fara rubutawa. "Masoyi, ka yafe min."

"Ban taɓa riƙe ki ba, amaryata."

Bayan an gama cirar tumatir aka ɗaura aure a Kura. Har ranar, wayar tana nan zagaye da gonar, ko motar haƙa ɗaya ba ta zo ba. Da ango da amarya suka je yi masa sallama, Malam Dattijo ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Ya juya ga angon. "Kai kuma, in an gama biki, ka koma ofishin nan ka ce musu ina jiran gonata."

Lukmanu ya sunkuyar da kai. "In sha Allahu, Baba. Litinin da safe."

Mansura ta yi murmushi a ƙarƙashin mayafinta, ta ce amin.